Kallon ganye ba asarar kuɗi ba ce

Ƴan uwa na yi mini dariya wai zan je jihar New York a Amurka don kallon ganye. Yankin Finger Lakes na nufa, tafkuna 11 dogaye kamar yatsu. Da yini ya gajarta, sanyi ya shigo, sai koren ganyen itatuwa ya janye, ja da rawaya su rufe gaɓar Seneka da Kayuga. Wajen tsakiyar Oktoba abin ke cika, kuma ba ya daɗewa. Wanda ya makara, ganye a ƙasa zai tarar. Shi ya sa tun Agusta na kama masauki. Mu da ba mu tafiya sai fatauci ko gaisuwar mutuwa, ya kamata mu koyi fita don ganin ikon Allah kawai.