Ka daina tramol, to daren Laraba fa?

Akwai wani ɗan fadarmu da ya yi wata bakwai bai sa tramol a baki ba. An yi bukukuwa bai koma ba. An hana shi aikin da ya daɗe yana nema, bai koma ba. Abin da ya kusa kayar da shi ƙwallo ne. Wani daren Laraba ƙungiyarsa ta ci ana dab da tashi, fada ta kaure da ihu, sai alƙalin wasa ya dafa kunne. Aka yi ta ja layi a tele, daga ƙarshe aka soke. Tikitin cacarsa na jika biyu ya ƙone nan take. Ya miƙe ya ce, “Bari in je in dawo.” Duk mun san wajen wa za shi.

Ƴan uwa, ba za mu ce muku ku bar kallon ƙwallo ba, don mu ma gobe muna gaban tele. Kuma takaicin nan naku yana da dalili. Tun da aka kawo VAR a gasar cin kofin duniya ta 2018, mutum bai isa ya yi murna ba sai an ba shi izini. A 2024 an mai da gasar zakarun Turai ƙungiya 36, kofin duniya na 2026 kuma ƙasa 48, wasa 104. Wasa ya yi yawa har ɗanɗanonsa ya ragu, ga kuɗin watan tashoshi, ga wuta da ke ɗaukewa ana shirin buga fenariti. Ka buɗe waya don ka huce, sai ka tarar da wani yana zagin ƙungiyarka don a tanka masa, shi kuwa da tankawar yake ci. Finafinai masu dogon zango ma haka suke: labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi shekara biyu.

Amma mu duba waɗanda ke tsaye a bakin wannan takaici suna jira. Kamfanin giya na Heineken ya yi shekaru yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar zakarun Turai, Budweiser kuma yana tare da kofin duniya tun 1986. Tallar caca ta cika riguna da gefen fili, har sai da ƙungiyoyin Firimiya na Ingila suka amince a 2023 cewa za su cire ta daga gaban riga. Can ke nan, inda ake da dokoki da masu bibiya. Mu nan babu wanda ya tare mana komai: cacar tana cikin wayar da ke aljihu, mai ƙwaya kuma yana kwanar unguwa. Wasa ya tashi wajen sha ɗayan dare, zuciya na tafasa, barci ya ƙi zuwa, gobe ba aikin zuwa. Wallahi duk mako babu lokacin da ya fi wannan haɗari ga wanda ya daina.

Kuma tramol ba abin raini ba ne. Maganin ciwo ne dangin su mofin, yana kama jiki, idan ya yi yawa yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wanda ya daɗe bai sha ba, jikinsa ya manta; in ya koma kan adadin da ya saba a da, zai iya kai shi asibiti ko inda ya fi asibiti. Wanda kuma yake son dainawa yanzu, ya nemi likita ya rage masa a hankali.

Magoya baya a Ingila sun nuna cewa fushi yana da wurin zuwa. A watan Afrilu na 2021 manyan ƙungiyoyi 12 suka shelanta wata gasa ta kansu, mutane suka fito tituna, cikin kwana biyu abin ya watse. Su sun kai fushinsu ƙofar masu ƙungiya. Namu kuwa, in ba mu yi hankali ba, a cikinmu yake ƙarewa, mai ƙungiyar ko sunan Maraɗi bai taɓa ji ba. (Ni kam na lura lokacin kokowar Takobi ba na kwana da ciwon kai: an kayar, an tashi, an rungumi juna, shi ke nan.)

Daren nan ba wa'azi muka yi wa ɗan'uwanmu ba. Ɗaya daga cikinmu ya karɓe makullin babur, wani ya mai da butar shayi kan gawayi, muka bar shi ya zagi alƙalin wasa iya son ransa. Kafin a zuba na uku ya ce abin ya sake shi. Tun daga ranar muka yi ƙa'ida: ba a cika tikitin caca a tabarmarmu, kuma in wasa ya tashi babu mai tafiya gida shi kaɗai. Shi kuma ya goge manhajar daga wayarsa, ya zaɓi wasa ɗaya a mako, sauran sai ya ji sakamako a rediyo da safe. Watan gobe zai cika shekara. Ƙungiyar tasa dai har yanzu ba ta gyaru ba.