A Rubuta Masu Cin Moriyar Daji Kafin a Raba Shi

Sharhinmu na yau a kan ƙasa yake, irin wadda ba ta mutum ɗaya ba: gandun daji, makiyaya, burtali, bakin tafki da gindin duwatsu, a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a jihar Jigawa. A da, ba mai waiwayar irin waɗannan wurare sai mai shanu da mai itace da maharbi. Yau manema sun yi yawa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure ya bi ya nufi Daura. Tun 2018 Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 don share fagen tashar lantarki mai aiki da hasken rana, ta megawat 1,000, wadda aka ambaci Gwiwa a matsayin mazauninta. Ga masu fasa dutse, ga masu tifar yashi, ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da ke neman inda zai dasa bishiyoyi, ga kuma manomin da gonar gado ta yi masa kaɗan. Kowannensu da hujjarsa, kuma mafi yawan hujjojin na gaskiya ne. Abin da nake so mu duba shi ne matakin da ya kamata ya zo kafin a ba kowa ko taku ɗaya. A ganina, wajibi ne a fara rubuta waɗanda ke cin moriyar wurin a yau, da irin moriyar, da lokacinta a shekara, a karanta a bainar jama'a, sannan a zauna maganar rabo.

Dalili shi ne fili ɗaya a ƙasar nan ba aiki ɗaya yake yi ba. Da damina makiyaya ce ke riƙe shanu nesa da shuka, burtali kuma shi ke kai su mashaya ba tare da sun taka gero ba. Da kaka garke ya sauko gonaki ya ci kara da harawa, ya bar taki, kuma har yau akwai manoman da ke roƙon Bafulatani ya yi mashekari a gonarsu saboda takin. Da rani mata su shiga dajin nan su yi itace, su tsinci aduwa da magarya, su yanko kaba, su tara kalwar da za ta zama daddawa. Mai maganin gargajiya na da saiwar da ya sani a wurin, maginin tukwane na da ramin yumɓunsa, mai gini na yankar ciyawar jinka. Bishiyoyin kuma suna tare iskar bazara da ke kwashe ƙasar gona, aikin da ba a ganin darajarsa sai an sare su. Duk wanda ya zo da mota a watan Maris ya tsaya a bakin hanya zai ce wurin kango ne. Idan rahotonsa ne kaɗai ya isa Dutse, fadar gwamnatin jiha, to a takarda wurin ya zama kango ke nan, ko da gidaje ɗari na ci daga cikinsa.

Doka ma ta taimaka wa wannan makantar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon bayar da filin karkara har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai da amincewar gwamna ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, kuma haƙar ma'adinai da shimfiɗa bututun mai suna cikin abubuwan da ya lissafa. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma diyyar ta abin da aka gina ne ko aka shuka ko aka kashe wa kuɗi a kan filin. Mai gida zai karɓa, mai gonar mangwaro zai karɓa. Makiyayin da kakansa ya bi burtalin nan bai gina komai ba. Matar da ke ciyar da marayu da kuɗin daddawa ba ita ta dasa ɗorawar ba. Su ne suka fi dogara da wurin, su ne kuma ba sa cikin lissafin ma'aunin diyya. Gaskiya ne dokar ta yarda a biya al'umma gaba ɗaya idan filin nata ne, sai dai kafin a biya al'umma sai an san su wane ne al'ummar, kuma a nan ne rashin rubutu ke cin mutane.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Lokacin da aka ware hekta 12,000 ga kamfanin Lee don noman rake a Gagarawa da Sule Tankarkar da Taura da Garki, maƙwabciyar Babura, manoma sun yi ta kuka a 2016 da 2017, wasu suka ƙi karɓar diyya. Ba na musun cewa masana'antar sukari abin so ce a jihar da matasanta ke tafiya ci-rani. Abin lura shi ne gardamar ta koma a kan tambayoyin da ya kamata a ce an amsa su tun kafin a sa hannu: gonakin wa ke ciki, ina dabbobi za su bi, me mutum zai ci bayan kuɗin diyya sun ƙare. Jama'a sun rasa natsuwa, gwamnati ta sha suka, shi kansa mai zuba jarin ya yi asarar lokaci.

Wani zai ce, to me ya kawo maganar bututun mai da na ambata cikin wannan, alhali ba a haƙo ko ɗigo a yankin ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya. Duwatsun Kazaure da Roni tsofaffin duwatsu ne masu tauri, ba irin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ake samun man fetur a cikinta ba. Inda masana ke sa rai a Arewa shi ne kwarin Tafkin Chadi, da kwarin Binuwai inda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙa a Kolmani, iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, sai kwarin Sakkwato da na Bida. Amma harkar mai ba ta tsaya a bakin rijiya ba, tafiya take yi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne, kuma burin da aka daɗe ana faɗa shi ne ya zarce ta Nijar har Aljeriya. A tsallaken iyakar Babura, jihar Damagaram na da matatar Soraz tun 2011, tana karɓar ɗanyen mai ta bututu daga Agadem. Yankin da ke tsakanin Kano da Nijar hanya ce, kuma bututu, kamar layin dogo da turakun lantarki, yanka ƙasa yake yi a tsaye, ya ratsa burtali da mashaya ba tare da ya san da su ba. Ban da haka, dokar da ke kan mai ita ce a ruhinta ke kan sauran ma'adinai. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinai da mai da gas da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta fifita haƙa a kan sauran amfanin fili. Lasisin da aka sa wa hannu a Abuja na iya sauka a tsakiyar makiyayar da ba a taɓa zana ta a taswira ba.

Daga nan ne wasu ke cewa ai jiha da masarauta ba su da ta cewa, tunda ikon na tarayya ne. Wannan rabin gaskiya ne. Dokar 2007 ɗin ta wajabta yarjejeniyar raya al'umma tsakanin mai haƙa da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ta kuma kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta tanadi kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani don asusun al'ummomin da ake aiki a ƙasarsu. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992. Duk waɗannan ƙofofi ne, amma mai shiga sai ya zo da shaida. Ƙauyen da ke da rubutaccen bayani cewa ga mashayarsa, ga maƙabartarsa, ga hanyar shanunsa, yana da abin ajiyewa a kan tebur. Wanda ba shi da shi sai dai ya yi kuka bayan buldoza ta wuce. Kuma akwai bambancin da ya kamata mai rabo ya riƙe: wasu ayyukan ana iya janye su, wasu ba a iyawa. Gonar da aka yi kuskuren bayarwa a makiyaya ana iya karɓe ta bayan girbi. Ramin haƙa da gubar da ta shiga ruwa ba sa komawa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da mai ya gurɓata zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Aikin da ɓarnarsa ba ta gyaruwa shi ya kamata a fi tsananta wa bincike, ko da shi ne ya fi kawo kuɗi.

Akwai masu tsoron cewa wannan duk jinkiri ne da zai kori masu jari. Ina ganin akasin haka ne. Mai kuɗin da ya san abin da yake yi ya fi son fili mai tsabtataccen tarihi a kan wanda za a ba shi cikin mako guda ya kwashe shekaru yana shari'a. Kuma sanin masu amfani da wuri shi ke buɗe hanyar haɗa ayyuka biyu a fili ɗaya. Tashar hasken rana ta megawat 1,000 na iya cin hekta wajen 2,000. A Turai da Amurka da Ostareliya ana kiwon tumaki a ƙarƙashin faifan hasken rana, su ci ciyawa su rage wa kamfani kuɗin yanka. Ba abin da zai hana a yi haka a Gwiwa, in an sa shi cikin zane tun farko, an ɗaga faifan, an bar ƙofofi, an kauce wa burtali. Bayan an zagaye da waya ba a wannan gyaran.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ƙaramin manomi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum sama da miliyan 4.3, yau an haura haka nesa, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Magidanci mai 'ya'ya goma da gona ɗaya zai dubi makiyaya ya ce, don me za a bar wa shanu wannan alhali yarana na kwana da yunwa? Wasu kuma su ƙara da cewa yawon kiwo ya tsufa, a killace dabbobi kawai. Amsa ta farko, shanu da awakin da ke makiyayar ba na Fulani kaɗai ba ne. Da yawa na manoman ne da matansu, su ne asusun da ake fasawa ranar ciwo ko biki. Ta biyu, killace dabba na bukatar abinci da ruwa na shekara guda cur, kuma wanda ba a tanadar masa waɗannan ba, in aka toshe masa burtali, cikin gona zai bi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 an yi ta ne don kare manomi da makiyayi gaba ɗaya. Mun ga yadda rabon dazuzzuka da makiyayu ga masu hali ya zama ɗaya daga cikin tushen fitinar Zamfara. Idan har dole ne a yanki wani ɓangare a ba marasa gona, to a yi shi a fili, da sunaye, da iyaka, da wa'adi. Abin da ke faruwa a ɓoye yawanci ba ya isa hannun mai 'ya'ya goman nan.

Maƙwabtanmu sun gwada wani abu da za mu iya dubawa. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar karkara wadda ta samar da kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda manomi da makiyayi da sarakuna da ma'aikatan gwamnati ke zama su shata hanyoyin dabbobi su rubuta. Ba su rabu da rikici ba, amma akwai takardar da ake komawa gare ta. A Maraɗi da Damagaram kuma, da manoma suka tabbata cewa bishiyar da suka raina a gonarsu tasu ce, sai sassaben zamani, wato rainon bishiyoyin da suka tsiro da kansu a gona, ya bazu, gawo ya dawo a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5. Na san za a ce rajista ma ana iya saye ta, mai ƙarfi ya sa a rubuta abin da yake so. Haka ne, shi ya sa yadda za a yi ta ya fi ita kanta muhimmanci. Dokar 1978 ta riga ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma, jihar kuma tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya. A ba su aikin zagaya kowace gunduma tare da hakimi da dagaci da arɗo da wakilan mata, sau biyu, da damina da kuma rani, domin masu amfani da wurin a watan Agusta ba su ne na watan Maris ba. Ɗaliban safiyo da na kwamfuta a kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da jami'ar fasaha ta Babura za su iya ɗaukar ma'aunin su zana taswirar. A karanta sakamakon da Hausa da Fulatanci ranar kasuwa, a ba da wata uku na ƙorafi, sannan a ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma, da fadar Kazaure, da fadar Ringim wadda Babura ke ƙarƙashinta, inda duk mai so zai je ya duba ba tare da ya biya ko kwabo ba.