Zauren Karatu: Abin Da Kakanni Ba Su Faɗa Ba Game Da Gwanja

Waɗansu daga cikinku sun tare mu bayan sallar Juma'a suna tambaya, wai me ya sa watan jiya ba su ga wannan fili ba. To, ba ciwo ba ne, ba kuwa tafiya ba. Littattafai ne suka riƙe mu. Wata jikarmu da ke karatu a Ankara ta zo hutu da guda biyu, ta ajiye mana, mu kuwa muka ce bari mu ɗan leƙa. Ashe leƙen zai kai mu har mu tono na uku daga ƙasan akwati. Duk ukun da Turanci aka rubuta su, saboda haka wanda idonsa ya yi rauni, ko Turancinsa na ciniki ne kurum, sai ya sa yaro ya karanta masa bayan lisha.

Na farko irin littafin nan ne na gano mai laifi, wanda a kan ɓoye maka gaskiya sai a shafin ƙarshe. Sunansa The Missing American, watau Ba'amurken da ya ɓace. Kwei Quartey ya rubuta shi, likita ne ɗan Gana da ya daɗe a Amurka, ya fito a 2020. Wani dattijo ne matarsa ta rasu, ya sadu da wata a intanet, aka yi ta karɓe masa kuɗi, ya taso takanas ya zo ganinta, ya tarar babu ita, daga baya shi ma aka neme shi aka rasa. Wata yarinya, Emma Djan, wadda aka kora daga aikin ɗan sanda, ita ta bi sawu. Littafin yana da daɗi kamar gyaɗa soyayya, in ka fara ba ka bari, amma ba ya riƙe ciki. Abu guda ya sosa mana rai. Wannan sana'a ta zamba da a ke haɗawa da bokaye, sunan da duk ƙasar nan ta san ta da shi, Sakawa, kalmarmu ce ta Hausa. Kai, wannan kyauta da mun huta da ba mu bayar ba.

Na biyu shi ne ya hana mu barci. Sunansa The Hundred Wells of Salaga, watau rijiyoyi ɗari na Salaga, na Ayesha Harruna Attah, ya fito a 2018. Labari ne ƙagagge, amma a kan ƙasa ta gaske aka gina shi, cikin shekarun ƙarshe kafin Turawa su ci arewacin ƙasar nan. Mata biyu ne a ciki. Aminah 'yar mai ɗinkin takalma ce a wani ƙauye da ke kan hanyar ayari, tana sayar wa fatake abinci, ran nan mahaya suka faɗa wa garin da dare, suka ƙone shi, suka kora su ita da ƙannenta. Wurche kuwa 'yar sarauta ce ta Gwanja a Kpembe, mai son doki da bindiga da zaman shawara, aka yi mata auren da ba ta so domin ubanta na bukatar mayaƙa. A kasuwar Salaga hanyoyinsu suka gamu, ɗaya a ɗaure, ɗaya da kuɗin saye. Rijiyoyin nan kuwa, in ji littafin, a nan a ke wanke bayi kafin a kai su gaban mai saye. Marubuciyar ta faɗa da bakinta cewa wata kakar kakanninta baiwa ce da ta bi ta Salaga, kuma a gidansu ba a son zancen.

Akwai wurare a ciki da dattijo zai kau da kai, domin 'yar zamani ce ta rubuta, ba ta sakaya abin da mu kan sakaya. Wannan mun faɗa tun da wuri don kada wani ya ce ba mu gargaɗe shi ba. Amma abin da ya dame mu daban ne. Mu dai tun muna yara, in an ce Gwanja, sai mu ga huhun goro, da jakuna a jere, da madugu a gaba, da jagaba, da kuge. Da wannan mu ke alfahari, har sunan unguwar da mu ke zaune daga zangon fatake ya samo asali. Ba mu taɓa jin wani kaka ya zauna ya ce mana cikin kayan da ke sauka a kasuwar nan har da 'ya'yan mutane ba.

Sai muka ce watakila yarinyar nan ta ƙara gishiri. Shi ya sa muka ɗauko Caravans of Kola, littafin tarihin fataucin goro na Paul Lovejoy, wanda ya fito tun 1980. Wannan ba ya gudu, ba ya kuma ba da dariya, sai lissafi da sunayen hanyoyi. Ya bi goro daga kurmin Asante zuwa Salaga, daga Salaga zuwa Kano, ya nuna yadda kanwa da tufafi da kayan fata ke gangarowa. Bayi kuwa suna nan cikin lissafin, bai ɓoye su ba. Ya kuma kawo zancen manyan fataken goro na ƙasar Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ya ce na farkon biyu asalinsu daga cikin barorin Abzinawa suka fito, suka zo ƙasar Hausa, fatauci ya ɗaukaka su har suka zama attajirai. Allah Sarki! Mun karanta wannan wuri sau biyu.

Sauran labarin sananne ne. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, Salaga ta saɓule daga hannun Asante, su kuwa Asante suka hana goro zuwa can, kasuwa ta koma Kintampo. Da goro ya ja baya, sai mutanen da Zabarmawan Babatu ke kamowa daga ƙasar Gurunsi suka cika kasuwar. A 1892 'ya'yan sarautar Kpembe suka yi yaƙin basasa, garin ya watse, baƙi suka bazu Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare. Daga cikin waɗanda suka ga wannan da idonsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare a limancin Kete-Krachi ya rasu a 1934, ya kuwa bar rubutu a kan yaƙin. Yaƙin nan shi ne ke tafasa a bayan labarin Aminah da Wurche. Ashe ba ta ƙara gishiri ba. Abin da ta ƙara shi ne suna da fuska, domin Lovejoy ya gaya maka an sayar da mutane, ita kuwa ta sa ka zauna da ɗaya daga cikinsu tana tunanin inda ƙannenta tagwaye suka faɗa.

Da muka kai zancen majalisa, wani dattijo abokin cinikinmu ya ce, "Alhaji, abin da ya wuce a bar shi ya kwanta, kada a ba yara wannan." Mun girmama shi, amma ba mu yarda ba. Yaran sun riga mu karantawa, ai daga hannunsu ya zo mana. Sa'an nan abin bai kwanta ba. Kowa a nan ya san yadda a kan yi in an zo neman aure, a ja mutum gefe, a rage murya, a ce a bincika asali. Mun ga auren da ya mutu a kan wannan raɗa, alhali yaron mai sana'a ne, mai salla, ba a taɓa jin sa da kowa ba. A zangon nan jikan wanda ya saya da jikan wanda aka saya sahu ɗaya su ke tsayawa, da yawa kuma jini ya riga ya gauraya, har mai raɗar ma bai san ta wane gefe ya fito ba. Dattijon ya yi shiru, daga baya ya ce a ba shi aron littafin in mun gama.

Tagwayen nan, Hassana da Husseina, marubuciyar ta bi su a wani littafi dabam, The Deep Blue Between, na 2020, inda ɗaya ta kai har Bahia ta ƙasar Birazil. Mun aika a sayo mana. Waɗannan ukun kuwa mun ajiye su a ofishin ƙungiya, wanda ya ara ya rubuta sunansa, ya kuma komo da shi kafin mako biyu, ba tare da jan goro a shafi ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.