Daga Donetsk zuwa Gwarzo: abin da tarihin Sergey Bubka ke tona wa game da wasanni a Najeriya

A watan Satumban 2025, a birnin Tokyo, Armand Duplantis na Sweden ya tsallake mita 6.30 a wasan tsallen sanda, wanda ɗan wasa ke sheƙowa da gudu, ya kafa doguwar sanda a ƙasa, ta cilla shi sama ya haye wani karan da aka gitta. Bajintar ta sake tuno da mutumin da ya share wannan fage, Sergey Bubka na Yukren, wanda ya yi ritaya a 2001.

Bubka yana ɗan shekara 19 ya lashe gasar duniya ta farko a Helsinki a 1983, a ƙarƙashin tutar Tarayyar Sobiyet. Ya ci gaba da lashe ta har sau shida a jere, zuwa 1997. Shi ne ɗan Adam na farko da ya haye mita 6, a Paris a 1985, kuma sau 35 yana kafa tarihin duniya. Mita 6.15 da ya tsallake a Donetsk a 1993 ta shekara 21 ba a goge ta ba. Duk da haka zinare ɗaya tak ya samu a gasar Olamfik, a Seoul a 1988. Siyasa ce ta hana shi zuwa Los Angeles a 1984, lokacin da ƙasarsa ta ƙaurace wa gasar.

Sai dai baiwa kaɗai ba ta kai shi nan ba. Tun yana yaro koci Vitaly Petrov ya ɗauke shi, kuma ya bi kocin zuwa Donetsk domin samun wurin atisaye mai inganci. Shi ma Duplantis a bayan gidansu da ke Louisiana ta Amurka ya koyi wasan, inda mahaifinsa, tsohon ɗan tsallen sanda, ya tanadi filin gudu da katifar sauka. Wannan wasa ba ya yiwuwa sai da sandunan zaren gilashi masu tsada, da katifa mai kauri, da mai koyarwa da ya ƙware. Shi ya sa ya zama ma'aunin jarin da hukuma ta zuba a kan yaranta.

Da wannan ma'auni, Najeriya ta gaza. A gasar Olamfik ta Tokyo an hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle goma shiga saboda ba a cika ƙa'idar gwajin ƙwayoyi ba. A Paris a 2024 tawagar ta dawo hannu rabbana, ba ko tagulla, kuma ba a shigar da sunan Favour Ofili a tseren mita 100 ba alhali ta cancanta. A Oktoban shekarar, Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni, ya farfaɗo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko. Sauya suna a Abuja kuwa ba ya sayo katifa a karkara.

A nan ne batun ya shafi Gwarzo da Kabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da zai zama zakara yana firamare ne yanzu, matakin da ƙananan hukumomi ke da hannu a kula da shi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wata guda bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Kano. Matakan biyu sun ba matasa damar neman bayani: nawa aka ware wa wasannin makarantu a kasafin kowace ƙaramar hukuma, malaman motsa jiki nawa aka ɗauka, kuma filayen makarantu nawa suka tsira daga masu yanka filoti?

Rabon riguna da kofin ƙwallo gab da zaɓe ba manufar wasanni ba ce. Idan kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi suka dawo neman ƙuri'a, waɗannan alƙaluma ne ya kamata a nema a hannunsu, a rubuce.