GIDAJEN FAGGE: WA ZAI CI RIBAR SABUNTA GARI?

  

Wata tambaya ta yawaita a bakin 'yan'uwa, musamman mazauna Kano da masu zuwa fatauci cikinta. Wasu suna son su sani, shin sayen gida a tsohuwar unguwa irin Fagge domin a ajiye shekara 20 ko 30 hikima ce, ko kuwa zuba ruwa ne a rariya? Wasu kuma gidan gado ne a hannunsu, dillalai suna ta safa da marwa a ƙofa, sun rasa ko su sayar ko su riƙe. Ra'ayinmu shi ne, ƙasar Fagge za ta ci gaba da daraja in Allah ya so, amma ba kowane mai gida a cikinta ne zai ci moriyar wannan daraja ba.

Mu fara da dalilin darajar. Fagge zango ce ta ayarin fatake a bayan ganuwa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, kuma har yau ciniki ne ransa. Tana tsakanin birni da Sabon Gari, Kantin Kwari yana cikinta, Kasuwar Singa tana kusa, titin IBB da na Ibrahim Taiwo sun ratsa yankin. Duk wanda ya san unguwar ya ga yadda kasuwa take cin gidaje: zaure ya zama shago, ɗakin kwana ya zama sito, gidan ƙasa ya zama bene mai rumfuna. 'Yan kasuwa suna ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Ga kuma halin da naira ta shiga: a 2014 dala ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500. Don haka ba mu ga laifin wanda ya fi son ya adana guminsa a ƙasa da bulo ba.

To amma fa akwai abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda a bisa al'ada ake rubuta masa shekara 99. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan izini saboda buƙatar jama'a, kamar faɗaɗa titi ko gina gada. Sashe na 29 kuwa ya ɗora diyya a kan ginin da ke wurin da abin da aka kashe wajen raya shi, ba a kan kuɗin da filin zai yi a kasuwa ba.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan da kyau. Wanda ya sayi tsohon gidan ƙasa a Fagge da miliyoyi, wurin ya saya, don ginin bai taka kara ya karya ba. Idan aikin titi ya biyo ta kansa, ginin za a ƙiyasta a biya shi. Wato abin da ya ba da kuɗi dominsa shi ne abin da doka ba ta biya. Maƙwabcinsa kuwa da titin ya tsallake, sai ya wayi gari gidansa yana bakin hanya, darajarsa ta ninka. Taku kaɗan ne tsakanin mai riba da mai asara.

Tarihi ya isa wa'azi. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ƙarƙashin Kanar Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sannan ta rushe unguwar, aka ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni. Wannan wuri a yau yana cikin mafi tsadar ƙasa a Najeriya. Ƙasa ta yi daraja kamar yadda aka zata, sai dai ribar ba ta shiga aljihun waɗanda aka kora ba.

Ba ma sai mun je Legas ba. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, maƙwabcin Kantin Kwari, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta raba. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30 a watan Satumba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba hukunci muke yanke wa kowane ɓangare ba. Darasin kawai muke so a ɗauka: mutanen nan suna da takardu, amma takardar ba ta canza asalin filin ba. Wurin da aka sani masallaci ne, ko maƙabarta, ko makaranta, ko ganuwa, ko hanyar ruwa, mai hankali ya nisance shi ko da an yi masa araha, domin araha ba ta ado.

Sai dai babbar ɓarakar tana cikin gidajenmu. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni mai su ya rasu shekaru aru-aru, ba a raba gado ba, 'ya'ya sun rasu sun bar jikoki, magada sun zama gari guda. Irin wannan gida ba ya gyaruwa, don kowa yana jiran wani. Ba a iya yi masa takardar shaidar mallaka, don ba a san sunan da za a rubuta ba. Ranar da mai kuɗi ya zo, sai wanda ya fi matsuwa ya karya farashi, galibi kuma mata da marayu ne ake dannewa. Jinkirta rabon gado ba zumunci ba ne, cin haƙƙi ne da ake yi a hankali.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara kamar haka.

Na farko, masu gidan gado su je gaban alƙali ko malamin da ya san ilimin gado, a fitar wa kowa rabonsa a rubuce. Fitar da rabo ba ya tilasta sayarwa. Magada suna iya riƙe gidan tare, su gina shaguna a gaba, a raba haya gwargwadon kason kowa. Idan ɗaya ya matsu zai sayar, shari'a ta ba abokan tarayyarsa haƙƙin shuf'a, wato su suka fi bare cancantar saye matuƙar ba a raba gidan an ja iyaka ba.

Na biyu, mai saye kada ya dogara da takardar mai unguwa da shaidu kaɗai. Ya bincika a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ya tambayi hukumar tsara birane, wato KNUPDA, ko akwai titi ko magudana da aka zana ta wurin, ya nemi amincewar gwamna da sashe na 22 ya shar'anta kafin mallaka ta koma sunansa, kuma kada ya ɗora bulo ba tare da izinin gini ba.

Na uku, a yi lissafi da haya, kada a yi da jita-jita. A raba kuɗin gida da na gyara a kan hayar shekara, a ga shekarun da jari zai dawo, a tuna kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024. Wanda ya ci bashin ruwa domin ya sayi gida yana jiran tashin farashi, ya haɗa wa kansa haramun da kasada.

Na huɗu, a san haƙƙin Allah da na bayi. Gidan haya babu zakka a kan ginin, tana kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi ya shekara. Gidan da aka saya domin sayarwa kuwa haja ce, hukuncinsa na kayan ciniki ne. Sannan ɗan hayar da ya daɗe a wuri, a ba shi isasshen wa'adi kafin a tashe shi.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukuma da ta riƙa bayyana taswirar ayyukanta tun da wuri, ta kuma biya diyya kafin katafila ta iso. Idan aka ɓoye taswira, na kusa da ofis ne kaɗai suke sanin gidan da za su saya da wanda za su guda, talaka kuwa sai dai ya ga jan fenti a bangonsa. Mu kuma kada mu jira wannan rana. Wanda bai san inda takardar gidan mahaifinsa take ba, ya fara nemanta tun a wannan wata.

Allah ya azurta mu da halal, ya sanya albarka a cikin abin da ya ba mu.