Fenti ba ya faɗin abin da ke cikin bango

Duk shekara kafin a koma makaranta sai a shafe azuzuwa da fenti, mai duba gini ya zagaya ya sa hannu a takarda. A ganina wannan ba dubawa ba ce. Ɓarnar gini daga ciki take farawa: ruwan damina ya ratsa kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsage siminti, waje kuwa sumul. A watan Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Mu da muke wuni da yara ƙarƙashin irin wannan rufi, labarin bai yi mana nisa ba.

Akwai dabarar gano ɓarnar ba tare da an fasa bango ba, wadda injiniyoyin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Missouri a Amurka suka daɗe suna aiki a kanta. Ana haska wa gini irin igiyoyin da na'urar maikurowef ke ɗumama abinci da su. Ruwa da tsatsa sun fi busasshen kankare saurin ɗaukar zafi, saboda haka idan aka ɗauki hoto da kyamarar da ke ganin zafi, wurin sai ya fito kamar tabo. Inda kankare ya rabu ya bar kogo, iskar ciki kan tare zafin, shi ma ya bayyana. Ba ta gani da zurfi, ba kuma za ta gaya maka buhun siminti nawa magini ya rage ba, amma ai rodi kusa da fuskar kankare yake.

Wani zai ce ina mu ina kayan Amurka? To, ko babu maikurowef, rana tana yin rabin aikin kyauta. Haka ake duba gadoji a ƙasashen waje: wurin da ya rabu ya fi zafi da rana, ya fi saurin hucewa da dare. Ranar watan Maris a Dapaong kuwa ba ta buƙatar taimako. Kyamarar ma yanzu akwai wadda ake maƙala wa waya.

Hukumar gwajin gine-gine ta ƙasa, LNBTP, ya kamata ta riƙa turo ma'aikata da wannan kyamara Sokodé da Dapaong kowace shekara kafin damina. A fara da makarantu masu bene. Sannan masallatai da Islamiyyun da muke ginawa da karo-karo, inda ake barin rodi a tsaye cikin ruwan sama shekara da shekaru ana jiran kuɗi, ranar da suka samu a ɗora bene a kansa haka nan.