Filin Masu Hoto: Ƙiftawar Kyamara Da Sukuwar Doki

A shekarar 1878, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 ya raba wata tsohuwar gardama. Hotunansa sun nuna cewa doki mai sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa baki ɗaya. Asirin kuwa shi ne saurin ƙiftawar kyamara.

Ita kyamara tamkar ido ce: tana da marfi mai ƙiftawa, da kafar shigar haske. In ƙiftawa ta ɗauki 1/1000 na daƙiƙa, doki zai tsaya cak a hoto. In ta yi nawa, kamar 1/30, sai ya fito dishi-dishi. To, amma saurin ƙiftawa yana rage haske, don haka tilas a faɗaɗa kafa, daga f/16 zuwa f/2.8, lissafi ya daidaita. Nan ma da hasara: doki zai fito tangaran, 'yan kallon da ke bayansa su dushe.

Saboda haka mai zuwa Hawan Daushe a Kano ya yanke shawara tun kafin mahaya su sako dawaki. Wanda ya tsaya lalube, sai wata Sallar.